Abin da Jinin Illiyasu Ya Nuna

Da hantsi Malam Kassimu ya shigo ofishin 'yan sanda na Dapaong, hannun rigarsa a naɗe, a jiƙe. Ya ce ya fara yi wa baƙonsa wankan gawa, sai ya ga abin da ya sa shi ajiye buta.

Sufeto Fousséni ya bi shi gida. Mamacin sunansa Illiyasu, mai safarar albasa, mutumin Galmi da ya yi zama a unguwar Didaouré ta Sokodé. Ya sauka gidan ne da ɗansa Hanif, mai haya da babur, a kan hanyarsu ta komawa Nijar.

Sufeto ya ɗaga leɓen gawar. Cikin leɓen ya tsage, kuma akwai shatin yatsu a kumatu. Matashin kai da ke gefe ya sha jini.

Hanif na tsugune a bakin ƙofa, idonsa a bushe. Ya ce haɓo ne. Mahaifinsa na da ciwon daji a bayan hanci, can sama da maƙogwaro, ya daɗe yana zubar da jini, kunne ɗaya ma ya toshe.

"Likita ta ce jininsa ya nuna ba zai ga azumi ba, yallaɓai. Gida zan kai shi ya cika cikin danginsa."

"Wa ta gaya wa?"

"Shi da kansa. Tana jin Hausa."

"Kana ina ya rasu?"

"Tasha. Ana idar da asuba na tafi neman mota."

Sufeto ya dubi karcen da ke wuyan hannun Hanif. Hanif ya ce babur ne ya kayar da shi.

A zaure Malam Kassimu ya yi magana a hankali. Ya ce bai taɓa ganin mutum cikin firgici irin na Illiyasu ba. Ya sayi likkafaninsa da kansa, yana tsoron rufe ido don kada ya ƙi buɗuwa. Amma kuma yana cin tuwo cin mai lafiya. Jiya ya roƙe shi, tun da shi Malam Kassimu yana jin Faransanci, su kira likitar da safe ya yi mata godiya kafin ya ƙetare iyaka. Hanif na zaune aka yi maganar.

Sufeto ya tambayi kansa: Idan likitar na jin Hausa, me Illiyasu zai yi da tafinta? Ya sa a tsare Hanif, a kai gawa a duba, shi kuma ya kama hanyar kudu ta Mango zuwa Sokodé, inda likitar take.

A Sokodé ya sami likitar, Dakta Memounatou, tana gama duba marasa lafiya. Da ta ji Illiyasu ya rasu, ta cire tabarau ta daɗe tana kallonsa. Ta ce Hausarta ba ta wuce sannu ba, ɗansa ne yake fassara musu.

Ta yi masa bayanin gwajin. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai iri biyu da ake auna wa juna, masu tasowa idan jiki ya kumbura da masu farautar ƙwayar cuta. Idan na farkon suka rinjayi na biyun da yawa, galibi ciwon yakan yi tsanani. Ta ce alama ce kawai, ba hukunci ba, ana haɗa ta da girman ciwon da inda ya kai.

"Na Illiyasu fa?"

"Nasa ya yi kyau ƙwarai. Ciwon bai yaɗu ba. Na ce masa ya je Lome a gasa wurin da haske, ina sa ran zai ga jikokinsa."

"Me ya ce?"

"Ɗan ya juya masa maganar, sai ya fashe da kuka har ya zame daga kujera. Na tambaya, yaron ya ce kukan murna ne."

Ta ce tun daga ranar duk kiran da ta yi Hanif ne ke ɗauka, yana cewa sun kusa tafiya Lome.

A Didaouré ƙanwar mamacin, Gwaggo Jumma, tana zaman makoki a tsakar gida. Ta rantse ba a taɓa jin kan uba da ɗa ba. Sufeto ya tambaye ta ina uwar Hanif. Ta gyara mayafi, ta ce ta rasu. Ya ci gaba da zama har ta gaji, ta ba shi labarin.

Mu'minatu, uwar Hanif, ta yi ciwon mama lokacin yana makaranta. Likitoci suka ce a yi aiki za ta tashi. Illiyasu yana da hali, amma ya tsaya a kanta a gaban yaron ya ce ita gawa ce da ba a rufe ba, ba ya zuba ruwa a kwando. Ya mayar da ita ɗakin ajiyar albasa saboda wari. A can ta ƙare, Hanif ne kaɗai yake shiga.

Sufeto ya dawo Dapaong ya tarar da sakamako. Toshe numfashi aka yi, kuma an sami fata a ƙarƙashin faratan mamacin. 'Yan kamasho na tasha sun ce ba su ga Hanif ba sai da rana ta ɗaga.

Aka shigo da shi. Sufeto ya zayyana masa abin da likitar ta faɗa, da abin da gwaggonsa ta faɗa, sannan ya sa ya miƙo hannu a kan tebur. Hanif ya dubi karcen, bai ƙara ambaton babur ba.

"Ban yi niyyar taɓa shi ba," in ji shi. "So na yi ya ji abin da Inna ta ji. Kullum da safe ina ce masa ya ƙara ramewa. Idan ya ce ya ji sauƙi, in ce haka fitila take yi kafin ta mutu."

"Sai ya ce zai kira likita."

"Da ya kira, da ya warke. Ya koma Didaouré ya yi sabon aure."

Ya ce bayan Malam Kassimu ya tafi masallaci ya shiga ɗakin, ya tarar haɓon ya dawo. Da ya ɗauko matashi, tsohon ya zaci goge masa jini zai yi, har ya ɗago fuska ya ce Allah ya yi masa albarka.

Ɗan sandan da ke rubutu ya dakata. Sufeto ya yi masa alama ya ci gaba.

Da aka sa masa ankwa, Hanif ya waiwayo ya tambaya ko likitar ta tabbata da mahaifinsa zai rayu. Sufeto ya ce ba ta ba da tabbaci ba, amma ta sa ran shekaru masu yawa.

"To madalla," in ji Hanif. "Tsorona a ce ko ban sa hannu ba ciwon zai kashe shi."

Aka tasa shi gaba zuwa mota. Malam Kassimu, da ya zo karɓar gawa don jana'iza, ya matsa gefe don kada rigarsa ta taɓa shi.