Sunan da Na Kira a Bakin Teku

"Ka ba ni takardata."

Da safe na faɗa masa, ina miƙa masa kofin kunu, don na san idan na bari ya gama karyawa zuciyata za ta karaya. Mijina Muntari ya karɓi kofin ya ajiye a ƙasa, ko kurɓa bai yi ba.

"Mi kic ce, Hamdiyya?"

"Ka ji ni. Gummi za ni koma wurin iyayena. Zaman ga ya ishe ni... kai ma ya ishe ka, nauyina kawai kaka ji."

Ya daɗe yana kallona. Wata bakwai rabon da ya dube ni haka, tun ranar da ya dawo daga Ikko ya tarar an binne ɗanmu.

Ɗan fari ne, shekararsa uku. Zazzaɓin damina ya ɗauke shi cikin kwana biyu, Muntari yana can kudu ya kai wake. Ni kuwa goyon kakata ce a rugar bayan Gummi, kuma abin da aka fara koya mini shi ne uwa ba ta nuna son ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ga shi sunan marigayi mahaifin Muntari aka sa masa, kunyar ta zama biyu. Shekara uku ina ce masa "kai", ko "yaron ga". Ranar da ya rasu ni na riƙa zuba wa 'yan gaisuwa ruwa da idona a bushe, mata suna ta yaba haƙurina. Da sun san abin da ke cikin ƙirjina da ba su yaba ba.

Muntari ma bai yi kuka ba. Bayan sadakar bakwai ya ɗaura buhunansa ya koma hanya. Tafiyar da a da take cin kwana biyar ta koma cin kwana takwas, wani lokaci goma.

"Ina roƙon ki abu guda," ya ce. "Ki ba ni kwana ukku."

"Na mi?"

"Akwai wurin da nika son in kai ki. Bakin teku, gaba da Ikko. Ki huta. In mun dawo kina kan bakanki, wallahi da hannuna za ni rubuta, in kai ki har ƙohwar gidanku."

Na kusa yin dariya don haushi. Ina maganar rabuwa, shi yana maganar yawon buɗe ido! Amma mutumin da ya zauna da ni shekara biyar bai taɓa ɗaga mini murya ba, ya fi ƙarfin in hana shi kwana uku.

Inna, mahaifiyarsa, ita ce ta tada jijiyar wuya.

"Hutu? Aikin gwamnati taka yi da za ta hutu? Duk Bukkuyum an rasa inuwar da za ta zauna sai wurin da aka yawo ba tuhwahi? Muntari, ɗiyar mutane ta!"

"Inna, ki yi haƙuri ki sa muna albarka."

Lubabatu tana gefe tana tankaɗe, kunnenta yana wajenmu. 'Yar ƙanwar Inna ce, tana zaune a gidan tun da aurenta ya mutu, kuma kowa ya san idonta yana kan Muntari tun kafin a san da ni. Ita ce ta shigo ɗakina wata biyu bayan rasuwar, da fuskar tausayi, ta ce ta ji yana gaya wa Inna cewa da yana gida da yaron bai mutu ba. Maganar nan ce ta zauna mini a wuya, ba ta wuce ba, ba ta fito ba.

Inna ta juya kai. "Ku tai. Allah shi kiyaye hanya."

Ta Zuru da Kwantagora muka bi, wuni da kwana a mota. Kafaɗarmu tana gugar juna, amma duk maganar da muka yi ba ta wuce "ga ruwa" da "sannu" ba.

Masaukin na wani Bayarabe ne da yake sayen waken Muntari. Da aka nuna mana ɗakinmu sai na tsaya na riƙe haɓa. Bukka ce! Bukkar ciyawa irin wadda na tashi a ciki, sai dai an sa mata fanka da gado mai laushi. Wai masu hali suke baro benayensu su zo su kwana a nan don hankalinsu ya kwanta. Da kakata tana da rai da ta sha dariya.

Sai na zagaya bayan bukkar na ga ruwan.

Ni da na san gulbi, na san ana hango ɗaya gaɓar. Wannan babu gaɓa. Ruwa ne har inda ya haɗu da sama, yana tasowa da rugugi ya zube a kan yashi ya koma, ya sake tasowa. Na ce, "La'ilaha illallahu," na ja baya na kama hannun rigar Muntari ban sani ba. Da na lura sai na saki.

Ranar farko barci na yi, irin wanda rabona da shi tun kafin damina. Da na tashi aka kawo mini ruwan kwakwa da gasasshen kifi. Mutanen wurin ba sa komai. Wasu suna kwance a inuwa, wasu sun jeru a kan tabarmi suna miƙe hannuwa a hankali suna jan numfashi, wai motsa jiki ne. Wata mata mai yi wa baƙi tausa ta ja ni ɗakin mata, ta shafa mini mai a kafaɗa, ta danna, sai ta tsaya. Da 'yar Hausarta ta kasuwa ta ce, "Hajiya, wuyanka kamar itace. Me ka ɗauka?"

Na ce mata babu komai. Na saba faɗin haka.

Washegari da la'asar Muntari ya ce in zo mu taka. Muka bar masaukin a baya, muka wuce inda masunta suke jan jiragensu, har muka kai wani wuri da babu kowa sai itatuwan kwakwa da wani gungume da ruwa ya turo. Ya nufi gungumen kai tsaye ya zauna, ba tare da ya duba ba.

"Ka san wurin ga," na ce.

Sai da na maimaita da ƙarfi, don rugugin ruwan yana cinye magana.

"Na san shi."

To, ga inda kwanakin suke tafiya. Na ce a raina yau zan ji sunan wadda ake kawowa.

"Da wa kaka zuwa?"

"Ni ɗai."

"Kai ɗai? Kwana ukku-ukku kana kallon ruwa kai ɗai? Ni Bahillata ta, amma ba wawuya ba."

Bai ji haushi ba. Ya sunkuyar da kai yana tona yashi da yatsan ƙafa.

"Kuka nika zuwa yi, Hamdiyya."

Na zauna a kan yashi ina kallonsa, ya ci gaba.

"Gida ina za ni yi shi? Gaban Inna? Gaban ƙannena? Ɗan hwari na, kuma sunan babana garai. Ko sau guda ban taɓa ɗaukar shi gaban mutane ba. Sai in na hita da shi bayan gari bisa babur, nan nika sa shi gabana muna hira..." Ya share fuska da hannu. "Randa nid dawo, na ishe ki kina raba ruwa, kina amsa gaisuwa. Nic ce to, ita da ta haihe shi ta daure, ni wa? Da nik koma Ikko mai wurin ga yag ga halin da nike, yac ce in zo in huta. Nan niz zauna, nig ga babu mai jina. Ko ihu kay yi, ruwa ya rufe shi."

"Ka ce da kana gida da bai mutu ba," na ce. "Ka ce ni na yi sakaci."

Ya ɗago da sauri. "Wa yac ce miki haka?"

"Lubabatu ta ji ka kana gaya ma Inna."

"Na hwaɗi rabin haka. Cewa niy yi da ina gida da na kai shi asibitin Anka tun daren hwarko. Kaina nika zargi, ba ke ba! Ke da kig goya shi kit tsaya bakin hanya kina tsaida mota cikin ruwan sama?" Ya girgiza kai. "Lubabatun ce kuma tac ce min ran ukku ta ji ki kina daka kina waƙa. Wai abin bai taɓa ki ba, kuma kin ce ba ki ƙara haihuwa gidanmu."

"Waƙa?"

Na tuna ranar. Turmi ne kaɗai wurin da zan iya sunkuyar da kai ban ja hankalin kowa ba. Waƙar da nake yi masa ce idan mun rufe ƙofa mu biyu. Ina daka ina yin ta a hankali don kada in faɗi.

Lubabatu ta yi nata, Allah ya isa. Amma ina zaune a kan yashin nan na gane ba ita ta raba mu ba. Mu muka ɓoye zuciyarmu da kyau har kowannenmu ya yarda da abin da ɗaya ya nuna masa. Ta samu ƙofa a buɗe ne ta shigo.

Muntari ya sauko daga gungumen ya durƙusa a gabana.

"'Yar Fillona... dubi ko'ina. Babu Inna, babu surukai, babu wanda yas san ɗan hwari na ko na tsakiya. Ban kawo ki don ki hwasa tahiya ba. In kin tahi ma, ba ni son ki tahi da shi a ciki."

Na tashi. Ƙafafuna suka kai ni har inda ruwan yake lasar yashi, ya jiƙa mini bakin zane. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Shekara uku da wata bakwai harshena yana kauce wa sunan nan.

Na sake gwadawa, a hankali.

"Halilu..."

Ko ni ban ji ba.

"Halilu!"

Wani abu ya tsinke a ƙirjina.

"Halilu! Ɗana! Halilu, ni ce innarka... ina son ka, wallahi ina son ka, kunya ta hana ni hwaɗi!"

Na sulale zan faɗi. Kafin in kai ƙasa Muntari ya tare ni, muka zube tare a cikin ruwan, shi ma yana kiran sunan, sunan ubansa da ɗansa. Na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa, da na ranar uku, da na bakwai, da na arba'in. Na yi har muryata ta dushe. Bai ce mini in yi haƙuri ba ko sau ɗaya, kuma har gobe ina gode masa a kan haka.

Da muka lafa sai ya ce, "Gaya min yadda yat tahi. Ban taɓa iya tambaya ba."

Na gaya masa duka. Yadda jikin ya yi zafi, yadda ya ƙi kunu, yadda a cikin mota ya buɗe ido ya tambaya ko Baba ya dawo da babur. Muntari ya kifa fuskarsa a kafaɗata. Ni kuma na riƙe shi, karo na farko a waje, a ƙarƙashin sararin Allah, ban waiga na ga ko ana kallo ba.

Rana ta uku ba mu yi wani abin kirki ba. Mun ci kifi, mun yi barci, mun yi hirar Halilu tun daga ranar suna har ranar da ya zuba wa akuyar Inna tuwo a kunne. Har dariya muka yi. Da yamma Muntari ya zauna a bakin gado yana juya hularsa a hannu.

"Gobe za mu kama hanya. Alkawarina yana nan, Hamdiyya."

"Wane alkawari?"

"Na takarda."

"Ka kai ta kasuwa ka ƙunsa wake," na ce. "Amma Lubabatu ta koma gidan ubanta. Kuma in za ka zo kuka, ka taho da ni."

Ya yi dariya da hawaye a idonsa. "Amaryata! Allah shi bar min ke."

Sai ya kira Inna ya gaya mata muna tafe, mu biyu. Ta ce ya ba ni wayar. Na gaishe ta da ragowar muryar da ta rage mini.

"Mi yas samu muryarki?"

"Sanyin ruwa na, Inna."

"Hamdiyya, ni za ki yi ma ƙarya? Kuka kiy yi."

Na runtse ido ina jiran faɗa. "Na yi, Inna. Ki gahwarce ni."

Da ta sake magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Muntari ba shi na ɗan hwarina ba. Akwai wata gabanai, Habsu, ta rasu tana rarrahe. Shekara arba'in da ɗaya ke nan, ban samu inda zan yi nawa ba." Ta ja numfashi. "Ku taho gida, ɗiyata. In kin zo ki shigo ɗakina ki rufe muna ƙohwa."