Wa Ya Sauya Maganin Mai Agogo?

Ƙarfe tara na safe bai cika ba wata matashiya ta faɗo ofishin Insifekta, ba ta ko jira Kofur ta yi mata iso ba. Malamar makaranta ce, da farin alli a hannun rigarta. Ta dire wata ƙaramar kwalba a kan tebur.

"Yallaɓai, so ake a kashe mahaifina."

Insifekta ya ture kofin shayinsa gefe, ya nuna mata kujera. "Zauna, Malama. Yana raye?"

"Yana asibiti tun jiya. Yana alwala ya dafe ƙirji ya durƙushe. Da aka auna jininsa sai da nas ta sake aunawa, don ba ta yarda da abin da ta gani ba."

"Ba ya shan magani ne?"

"Kullum da safe, a gaban idona in ina gida. Wata huɗu ke nan aka ɗora shi a kan amlodifin, saboda hawan jini da ciwon ƙirji. Amma jiya mai haɗa magani na asibiti ya duba kwalbar nan, ya ce ba shi ba ne. Bitamin ne kawai."

Insifekta ya zazzage ƙwayoyin a tafin hannunsa. Farare ne ƙanana. Shi kansa shekara uku ke nan yana haɗiyar amlodifin kowace safiya, da matarsa tsaye a kansa kamar mai gadi, don haka ya san nasa yana da lamba a jiki. Waɗannan sumul suke.

"Wa kike zargi?"

"Mai kemis ɗin bakin layinmu. Jabu ya sayar mana."

"Su wa ke gidan?"

"Daga Baba sai Mama. Ni ce auta, ina zuwa ƙarshen mako."

Kemis ɗin ƙarami ne, tsaf-tsaf, fanka na juyawa a saman kanta. Mai kemis na ganin kakin Kofur ya miƙe har ya kusa kifar da kujera.

"Ka san tsohon da ake kira Mai Agogo, mahaifin malamar makarantar nan?" in ji Insifekta.

"Ranka ya daɗe, mutane da yawa ke shigowa nan. Ban cika riƙe fuska ba."

"Ka san wannan kwalbar?"

Ya juya ta, ya girgiza kai. "Ba tawa ba ce. Amlodifin a kati nake sayar da shi, a rufe, ga shi nan ku duba. A gida ake ɓalle masa a zuba a kwalba, ai Baba ba ya iya ɓalle kati, hannunsa rawa yake tun da..."

Kofur ta ɗago kai daga littafinta.

"Ashe kana riƙe hannu, fuska ce kawai ba ka riƙewa," in ji Insifekta. "Wa ya sayi farin bitamin a nan cikin watan nan?"

"Mutane da yawa, ranka ya daɗe."

"Daga gidan Mai Agogo fa?"

Mai kemis ya kafa wa fanka ido kamar yau ya fara ganinta. "Wallahi ba zan iya tunawa ba."

Insifekta bai matsa masa ba. Ya ga masu ƙarya don tsoron a kulle su, ya ga masu yi don kare wani. Wannan na biyun ne.

A asibiti likita ta tare su a baranda, tana sauri.

"Ya tsallake, amma da ƙyar," ta ce. "Maganin nan aikinsa shi ne ya sassauta jijiyoyin jini su buɗe. Jini ya sauka, zuciya ta samu isasshe, ciwon ƙirjin ya lafa. An cire masa shi, jijiyoyin suka koma suka tsuke. A lissafina ya kai mako uku ba ya samu."

Mai Agogo na kwance a gado na uku, siriri, farin gemu, an saƙala masa robar iska a hanci. Yana jin abin da ya kawo su ya yunƙura zai tashi.

"Yaro, kada ka wahalar da kanka. Ni na yi. Na gaji da maganin ne, na zubar, na zuba wani."

"Ina kuka zubar, Baba?"

"A kwata."

"Bitamin ɗin fa, a ina kuka saya?"

"A... kasuwa."

Insifekta ya zaro katin maganinsa daga aljihu ya miƙa masa. "Ku taimaka ku ɓallo min ɗaya."

Tsohon ya karɓa. Yatsun da suka shekara arba'in suna ɗaukar ƙusar agogo da ba ta kai ƙwayar gishiri ba suka kama karkarwa, katin ya zame ya faɗi ƙasa. Insifekta ya sunkuya ya ɗauka, a nan ya ga takalman tsohon a ƙarƙashin gado. An tsaga gefensu, an ƙara ƙyalle mai laushi, an bi da ɗinki ƙanana a jere, aikin gwani. Sai ya tuna watanninsa na farko da maganin, lokacin da takalminsa na aiki ya riƙa matse shi da yamma.

"Ƙafarku ta kumbura da kuka fara sha?"

"Ɗan kaɗan. Ya saɓe."

"Yaushe ya saɓe?"

Mai Agogo ya juya fuska bango. "Na ce maka ni na yi. Ka rubuta haka, in sa hannu."

"Da wane hannun, Baba?" in ji Insifekta a hankali, yana gyara masa bargo.

Kafin su fita ya sake tsayar da likita, ya tambaye ta kumburin.

"Yana faruwa da wasu, musamman in ƙarfin maganin ya yi yawa," ta ce. "Yawanci ba haɗari ba ne, amma sai mun duba. Da an zo an faɗa min, da na rage masa ko na sauya. Ba wanda ya ce min uffan."

Gidan Mai Agogo ɗaki biyu ne da ɗan falo, agogon bango bakwai, duka suna tafiya daidai. Keken ɗinki na gefen taga an rufe shi da zane. Mama, gajeriyar tsohuwa mai tabarau, tana ninke kayan da za a kai wa mijinta, Auta na taya ta.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Auta, kawo musu ruwa."

"Mama, ku ke ɓalle wa Baba magani?" in ji Insifekta.

"Ni ce. Abin da aka ba ni shi nake zubawa. Ni da ba karatu na yi ba, ina zan san wannan da wancan?"

"Ku kuka gyara masa takalmi?"

"Ai ɗinki sana'ata ce."

Insifekta ya nemi izinin leƙa ɗakin kwana. A jikin bango, kusa da filo, akwai kalanda, an rataye tef ɗin awo a ƙusarta. Kowace rana an rubuta mata lamba da fensir. Tara. Tara da rabi. Goma. Sha ɗaya. Ranar da aka kai sha ɗaya da rabi an zagaye ta har fensirin ya huda takarda. Daga nan lambobin suka fara sauka, har suka dawo tara. Ya ƙirga daga zagayen zuwa jiya, kwana ashirin da biyu.

Ya cire kalandar ya fito da ita falo, ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafun tsohuwar.

"Mama, awon me ne wannan?"

"Awon... wuyan riga."

"Wuyan da ke ƙaruwa kullum da safe?"

Agogo bakwai ɗin ne kawai ke motsi a ɗakin.

"Idon sawunsa kuke aunawa," ya ce. "Ina ƙwayoyin?"

Mama ta ajiye kayan da take ninkewa. Sai ta miƙe, ta ɗage zanen keken ɗinki, ta jawo gwangwanin maɓallai. A ƙasansa, ƙunshe cikin hankici, ga su nan, kowace da lambarta a jiki.

"Mama!" Kofin ruwa ya suɓuce wa Auta. "Ke?"

"Ni ce." Ta koma ta zauna. "Haka yayana ya fara. Ƙafa ta kumbura, ta hau gwiwa, ta hau ciki, wata biyu muka binne shi. Da na ga ta babanku ta fara, sai barci ya ƙaurace min. Na ce mu koma wurin likita, ya ce shi ba zai je ya bi layi saboda ƙafa ba. Na ce ya daina sha, ya ce likita ta fi ni sani. Na je wurin yaron kemis na ce ya ba ni farar ƙwaya marar cutarwa, na ce masa ni zan sha. Da kumburin ya saɓe har sujada na yi. Na zaci na cece shi, Auta. Ban san zuciyarsa nake shaƙewa ba."

"Me ya hana ki gaya min?"

"Kina da aikinki, kina da yaranki."

Auta ta durƙusa ta rungume ta, su biyun suna kuka. Kofur ta shiga neman wani abu a littafinta da ba ya ciki.

Insifekta ya bari suka lafa. "Mama, abin da kuka yi ya kusa kai shi kabari, ba zan ɓoye muku ba. Maganin zuciya ba a tsayar da shi sai da bakin likita."

"Ya sani?" ta tambaya. "Babansu ya san ni ce?"

"Ya sani. Tun safe yake rantse min shi ya yi, har yana neman biro."

Tsohuwar ta rufe baki da gefen mayafi. Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kukan. "Tsohon banza. Shekara arba'in da shida bai taɓa iya ƙarya ba."

"Yau ma bai iya ba. Yanzu sai kun bi mu ofis ku ba da bayani a rubuce. Malama ce ta shigar da ƙara, sai mu ji abin da za ta ce."

"Na janye," in ji Auta da sauri. "Wallahi na janye."

"A ofis ake janyewa. Daga can kuma asibiti za mu wuce, Mama ta faɗa wa likita komai da bakinta, ta ji amsa da kunnenta."

Mama ta gyara tabarau, ta miƙe. Sai ta haɗa hannuwanta biyu ta miƙa wa Kofur, tana jiran ankwa.

Kofur ta dubi Insifekta. Ya girgiza kai. Kofur ta kama hannun Mama ɗaya ta saƙala a nata, kamar mai raka kakarta unguwa, suka sauka matakalar ƙofa a hankali. Maƙwabta sun fito sun yi cirko-cirko. Insifekta da kansa ya buɗe wa Mama ƙofar gaba ta motarsu, ya tattare mata gefen zane don kada ƙofa ta datse.

Ya tayar da mota ke nan ta taɓa masa kafaɗa.

"Ɗana, bayanin nan zai daɗe?"

"Bai fi rabin awa ba, Mama."

"To ka ɗan taka motar. Ƙarfe biyar ake hana shiga dubiya, kuma ba ya cin abinci sai ina zaune."

Insifekta ya dubi titi, ya ƙara wuta.