Ranar da Malam Baƙo Ya Iske Nasiru Yana Minshari

Barci Nasiru yake yi ranar da Bushira ta fara ganinsa. Rana tsaka ce, kansa bisa tebur a buro, wato ofishin ƙungiyar manoman albasa ta Badaguishiri. Ita ma'aikaciyar jinya ce a asibitin da ke jikin buron, aron kujeru ya shigo da ita.

Ta ƙwanƙwasa tebur. "Malam, nan buro ne ko ɗakin kwana?"

Ya zabura yana goge baki. "Gajiya ce, malama. Da na ci abincin rana sai ido ya rufe, ko shayi bai hanawa."

"To tashi tsaye."

Ta nuna masa yadda zai miƙa hannuwa sama, ya juya kafaɗu, ya durƙusa ya miƙe, sannan ya zagaya filin buro da sauri kafin ya koma kujera. Ya gwada, jikinsa ya warware. Tun ranar bai fasa ba, kuma bai daina tunaninta ba. Ba a daɗe ba soyayya ta ƙullu, suka shiga aika wa juna saƙo ta waya.

"Haskena, yau ko gyangyaɗi ban yi ba," ya rubuta mata.

"Madalla, sarkin barcina. Ta taga nake kallonka, kada ka yi ha'inci."

Magana ta yi nisa har manyansa suka je Tsarnawa wurin mahaifinta, Malam Baƙo. Dattijon ya ce su ba shi lokaci ya yi bincike.

A tsakanin nan ne Nasiru ya hango Alamin, direban ƙungiyar, a bayan mota yana miƙa hannuwa, yana juya kafaɗu, daidai yadda Bushira ta koya masa. Ga shi dogo, ga fara'a. Nan take zuciyar Nasiru ta yi baƙi.

Ya rubuta mata: "Ashe abin da kika koya mini na kowa ne. Ki gaida Alamin."

"Mi ya kawo Alamin cikin zancenmu?"

Nasiru ya kife wayar. Don ya huce haushi, sai ya daina motsa jikin gaba ɗaya. Wauta ce tsantsa, domin jikinsa ya hora, ba nata ba. Barci ya dawo masa fiye da da.

Shi kuwa Malam Baƙo ba ya binciken mutum a bakin maƙwabta. Wurin aikinsa yake zuwa ba sanarwa. Ya zo, ya tsaya bakin ƙofa, ya saurari minshari, ya juya.

Da la'asar saƙo ya shigo: "Baba ya iske ka kana barci. Ya ce bai ba malalaci ɗiyarshi. Hankalinka ya kwanta?"

Nasiru ya fita a fusace ya tare Alamin. "Yaushe Bushira ta koya maka wannan abu?"

Alamin ya yi dariya. "Wace Bushira? Gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Wurinka na gani, mutumina. Ni ma barci na kama ni bisa sitiyari."

Kunya ta rufe Nasiru. Ya roƙi Bushira gafara, amma ba ta sassauta masa ba.

"Ko da ni na koya mishi, laifi ne? Aikina ke nan. Gobe ma zan koya wa wani. In ba ka iya ɗauka, faɗa mini tun yanzu."

"Zan iya, Haskena."

Ya tafi Tsarnawa, ya durƙusa gaban Malam Baƙo, ya faɗi gaskiya duka.

"Yaro, ka ƙara ɓata lamarinka," in ji dattijon. "Da lalaci kaɗai na sani, yanzu ga zargi. Tashi ka tafi. Ina nan dawowa, kuma ba ni faɗa maka ranar."

Ya dawo kuwa, wata rana da zafi ya tsananta. Bai iske kowa a kujera ba. A fili ya same su, Nasiru da Alamin kafaɗa da kafaɗa, Nasiru yana gyara masa tsayuwa yana cewa, "Ba haka ta ce ba, ɗaga sosai."

Malam Baƙo ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ka ce wa manyanka su dawo."

Bayan an cire albasa aka ɗaura aure. Alamin ne ya tuƙo amarya, Nasiru da kansa ya roƙe shi. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya raba gidansu da zargi.