Inuwar Inna Tambaya

Tun hantsi ɗakin Wasila ya cika da matan unguwa. An saki asabari, an toshe ko'ina da tsumma, sai wata 'yar kafa a bangon gabas inda rana ke shigowa ta faɗa kan farin ƙyallen da aka rataya a tsakiyar ɗaki. Mata na zaune ta gaba, ita tana durƙushe ta baya da tarkacenta.

"Ku yi shiru, ga shi nan tahe," in ji ta.

Sai ga inuwar jirgin ƙasa ta shigo kan ƙyallen, ƙafafu na juyawa, hayaƙin auduga na tashi, itatuwa na gudu baya. Wata tsohuwa ta ja jiki tana salati. A shekarar ce jirgi ya fara shigowa Gusau. Kullum matan nan suna jin kukansa daga cikin gida, amma kulle bai bar ko ɗaya ta sa shi a ido ba. Wasila kuwa ta gan shi a garinsu Tsafe kafin a kawo ta gidan miji, kuma ita abin da ta gani sau ɗaya ya zauna ke nan.

Ɗiyar baduku ce. A rumfar babanta ne mijinta Sahabi ya fara ganinta, ya je sayen fata ya dawo da soyayya, aka yi aure kowa na murna. Shi ne wata rana ya ba ta labarin majigin da ya gani a kantin wani Balarabe Kwara, hotuna a jikin bango amma a tsaye cik.

"To mi ya hana su motsi?" ta tambaya.

Daga ranar sai ya riƙa kawo mata guntayen fata. Ta yanka mutane, ta ɗinke gaɓoɓinsu da zare, ta sa musu tsinke. Ta yi leburorin reluwe da diga a kafaɗa, ta yi Bafillatana mai tallan nono, ta yi mahauci yana kora ƙuda. Duk abin da ke faruwa a bayan katanga, a ɗakinta mata ke ganinsa.

Kuskurenta ɗaya ne, shi ma ƙauna ta jawo shi. Surukarta, Inna Tambaya, mace ce mai tsare gida amma ba ta taɓa muzguna mata ba. Ita kuwa Wasila, kamar kowace matar ɗa mai kunya, ba ta ɗaga kai ta kalli fuskar Inna. Kullum idonta a ƙasa, don haka inuwar Inna ta fi sani: yadda take jefa ƙafa, yadda take riƙe ƙugu in za ta yi faɗa, karkacewar ɗaurin ɗankwalinta. Ta zauna ta yanka ta tsaf.

Da Sahabi ya gani ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗaure fuska.

"Wannan kam ki ɓoye ta, Wasila."

"Ai don ina son ta ne, Malam."

"Na sani. Ki dai ɓoye."

Ba ta ɓoye ba. Ran nan mata suka matsa a nuna musu sabon abu, ta ɗaga Inna a kan ƙyalle. Ko bakinta ba ta buɗe ba ɗaki ya kaure da shewa, kowa ta gane. Kafin azahar labari ya kai kunnen mai inuwar. Inna ta ƙi cin tuwon ranar.

Ba a jima ba zazzaɓi ya kwantar da Inna, ƙafarta ta dama ta kumbura suntum, tana ihun wuta na cin ta a idon sawu. Daga nan fa aka fara ƙus-ƙus. Wa ya taɓa ganin an ɗauki inuwar mutum an sa a fata? Kuma ba ƙafar dama ce take jefawa a kan ƙyallen ba? Matan da suka fi kowa shewa su suka fi kowa rantsuwa cewa tun ranar jikinsu ya ba su.

Aka aika garin Bunguɗu aka kira yayan Inna, Kawu Bawa, ya iso da la'asar. Ko ruwa bai sha ba ya kira Sahabi ɗakin marar lafiya.

"Matarka mayya ce. Ta kama kurwar ƙanwata ta ɗaure ga fata. Ko ta zo ta tsallake ta, ta kuskure baki a ba ƙanwata ruwan ta sha, ko ka sake ta yau. Ba na uku."

"Kawu, wasa ne na yara da mata. Ni na kawo mata fatar da hannuna."

Inna ta juyo da kyar. Ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne. "Kai yaro, ni na haihe ka. In ka zaɓe ta bisa kaina, ban yahe maka nonon da ka sha ba."

Sahabi ya fito yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya tarar Wasila ta ji komai, ta riga ta yafa mayafi.

"Bari in je in tsallaka, Malam. Mi ya rage ni da shi? In hankalinta zai kwanta—"

"Zauna." Ya tare ƙofa. "Kin san abin da tsallakawa ke nuhi? Kin amsa da bakinki ke nan. Maita ba ta tsayawa ga mutum ɗaya, gado ake cewa. Abin da ke cikinki, in mace ce ba mai aurenta, in namiji ne ba mai ba shi ɗiya. Har babanki a Tsafe sai an daina sayen takalminshi."

"To sake ni. Kada ka ɗauki bakin uwa saboda ni."

"Shi ma ba ni yi. In na sake ki yanzu, na shaida musu ke nan."

"To mi za mu yi?"

"Haƙuri. Ban da wata dabara."

Kawu Bawa ya kwashe fatun nan duka, jirgi da leburori da mai nono da Inna, ya cinna musu wuta a tsakar gida. Wasila na kallo ta cikin asabari, ranar ta ji baƙin cikin da ba ta taɓa ji ba. Mata suka ɗauke ƙafa. In ta fito ɗibar ruwa a randa, mai wucewa sai ta kauce don kada inuwarta ta faɗa kusa da ita. Abincinta ba mai taɓawa. Sahabi ne kaɗai ke ɗaukar akushinsa ya kai ƙofar zaure ya ci a gaban jama'a, ya suɗe hannu. Kowace safiya kuma yana durƙushe a ƙofar uwarsa yana gaisuwa, ita tana juya fuska bango.

Wata ranar Juma'a maza sun tafi masallaci, Inna ta dinga kiran a kawo mata ruwa, ba kowa a gidan sai wadda ba a so. Wasila ta ɗauki ƙwarya ta shiga. Inna ta runtse ido, azaba ta hana ta korar ta. Wasila ta tsiyaya ruwan sanyi a kan ƙafar. Bororon da ke idon sawu ya fashe, wani farin abu kamar zare ya leƙo.

Kurkunu ne. Rabin garin sun taɓa yin sa, kuma da ba a riga an sami labarin fata ba, da tun ranar farko wani ya faɗa. Amma labarin maita ya fi daɗin faɗa, shi ya sa ba wanda ya tsaya duba ƙafar. Kawu Bawa ya dawo ya gani, ya yi gyaran murya, ya ce damina ce gonarsa na jira. Ya koma Bunguɗu ba tare da ya ce wa kowa ya yi haƙuri ba.

Saura fitar da shi. Kurkunu ba a jan sa da ƙarfi, a tsinke ake naɗe shi kaɗan-kaɗan, in ya tsinke a ciki ƙafa na iya lalacewa. Ba wanda ya sa Wasila. Kowace safiya tana zuwa da cikinta ta durƙusa, ta jiƙa ƙafar, ta murza tsinken ɗan abin da ya samu, ta ɗaure, ta tashi. Wata rana ya biyo, wata rana ya ƙi. Makonni aka yi haka, wani lokaci hawaye na bin kuncin tsohuwar.

Ya fita duka, amma ƙafar ba ta koma daidai ba, Inna ta tashi da ɗingishi. Ranar da ta fara takawa ta aika aka kira matan unguwa, suka zo a ɗarare. Ta zauna a tsakiyarsu ta ce Wasila ta kawo tuwon da ta tuƙa. Ta sa hannu ta ci, loma bayan loma, har ta ga ƙasan akushi. Sannan ta kira ɗanta.

"Kai yaro, maganar da na yi na janye ta. Na yahe maka duniya da lahira. Da ka bi ta tawa, da na kashe maka gida, na ɓata jikana tun bai zo duniya ba."

Sahabi ya sunkuyar da kai.

Inna ta juya. "Ke kuma ɗiyata, ɗago ki dube ni." Wasila ta ɗago da kyar. "Ki yahe mani. In an samo fata ki sake yanka ni. Amma ki sa ɗingishin, don yanzu haka nike tahiya."

Ba duka matan suka dawo ɗakin kallo ba, wasu har suka tsufa suna kaucewa. Amma aure ya tsaya, aka haifi yarinya ba tabo a sunanta, Inna ce ma ta yi mata wankan farko. Sahabi bai saɓa wa uwarsa da baki ba, bai kuma zalunci matarsa don ya faranta mata ba, ya tsaya a tsakiya ya sha wuya har gaskiya ta fito da kanta. Mai saurin yanke hukunci a kan abin da bai gane ba, ya tuna cewa sunan mutum yake riƙe a hannunsa, da na 'ya'yan da ba a haifa ba tukuna.