Siton Hajiya Hadijatu

Ranar da Humaira ta fara ganin Junaidu, ta toshe hanci da gefen mayafi, idanunta na zubar da ruwa saboda ɗoyi. Tana tsaye a bakin ƙaramin siton da ke jikin kicin ɗinsu a Illela, shi kuma ya yi sallama riƙe da jakar kayan kafinta. Mahaifinta, Alhaji Hamidu, shi ya kira shi ya zo ya kafa kanta a ciki.

Mahaifiyarta, Hajiya Hadijatu, ba ta zubar da komai, ba ta kuma yarda kowa ya taɓa mata sito. Sai ga shi ta tafi Konni jinyar yayarta, ta yi wata guda, rufin kuma ya yi ta yoyo da damina. Humaira, da ta gama karatun kiwon lafiya a Sakkwato ta dawo gida, ita ta buɗe ƙofar.

Buhun albasa ya narke ya zama baƙin ruwa, tsutsotsi na iyo a ciki. Wake ya koma gari, ƙwari na yawo a kai. Gyaɗa ta yi fumfuna. Da ta ɗaga wani kwali, kyankyasai suka watse, ɗaya ya hau mata ƙafa. Ta ruga bakin rariya ta yi ta kakarin amai.

"Sannu," in ji Junaidu, ya kawar da kai don kada ta ji kunya. "Mi kika gani haka?"

"Malam, ka koma kawai. Wurin ga bai shiguwa."

Ya leƙa. Ta ga fuskarsa ta yamutse. Ya naɗe hannun riga ya nemi shebur da tsofaffin buhuna. A bayan jarkar manja ya ciro mushen ɓera da ya kumbura, ya naɗe shi da sauri.

"Mi ne ne wannan?"

"Ba abin kallo ba ne, ki bar shi."

Duk da tashin zuciyar da take ji, sai da ta yi murmushi. Ya ɗaure buhunan tamau, ya ɗora a babur, ya kai su can bayan gari ya binne.

Kwana uku suka yi a aikin. Ta wanke daɓen da omo da ruwan zafi har sau huɗu, wari bai gama fita ba. Shi ya toshe ramin ɓera da siminti, ya gyara rufin, ya kafa kanta hawa uku. Ta sayo robobi masu murfi, ta zuba shinkafa, gero da garin masara, ta rubuta sunan kowanne a jiki. Kuka, daddawa da barkono suka hau sama. Albasa ya yi mata ragar waya inda iska ke ratsawa.

Da yammacin ranar da ya gama, saƙonsa ya shigo wayarta:

"Assalamu alaikum. Na duba jakata, guduma da zarto duk suna nan, amma hankalina ya zauna gidanku. Ko za a ba ni izini in riƙa zuwa dubo shi?"

Ta karanta sau uku kafin ta amsa:

"Wa alaikumus salam, Kafinta. An ajiye maka shi a kanta ta sama, cikin roba mai murfi. Ka nemi izinin Baba."

Alhaji Hamidu bai ƙi ba. Amma da Hajiya ta dawo ta ji cewa baƙon namiji ya ga sitonta a wannan hali, sai ta zauna a kan turmi ta rufe fuska.

"Ɗiyata, kin tona mini asiri. Mutumin da ya kwashe mini tsutsa da hannunsa, shi zai durƙusa ya gaishe ni a matsayin suruka? Da wane ido zan dube shi?"

"Inna, ko kalma ɗaya bai faɗa ba."

"Bai faɗa miki ba dai. Ga Abdulaziz nan, ɗan mutunci, shi nake so."

Abdulaziz ɗan ƙawarta ne, mai shigo da kaya daga Konni, ya daɗe yana aiko da gaisuwa.

Ba a yi mako biyu ba, Hajiya ta je gidan suna ta dawo tana kuka. Mata sun yi ta ƙus-ƙus, wata ma ta ture kwanon dambun da ta kai, wai ta ji labarin inda ake ajiye garin. Har zancen ɓeran sun sani.

Nan take Humaira ta zargi Junaidu. Su biyu kaɗai ne a wurin lokacin da ya ciro ɓeran nan. Ta rubuta masa:

"Na ɗauka kai mai rufa asiri ne. Ka sa an yi wa mahaifiyata dariya a bainar jama'a. Ƙyamar da na ji a siton nan ba ta kai wadda nake ji yanzu ba. Kada ka sake zuwa."

Amsarsa ta zo nan take:

"Tauraruwata, Allah shi ne shaidata, ko mahaifiyata ban faɗa wa ba. Ba zan matsa miki ba. Ina nan inda kika bar ni."

Ba ta amsa ba. Kullum in ta shiga sito ɗibar shinkafa, sai ta fito da sauri, don kowane katako shi yake tuna mata.

Ran Juma'a bayan la'asar Abdulaziz ya zo zance, ya cika zaure da turare. Yana ta ba ta labarin gidan da yake ginawa, sai ya kece da dariya.

"Ki kwantar da hankalinki, sitona tayil ne har sama. Ba irin na Inna ba, mai kiwon ɓeraye. Gwaggona Tasalla, maƙwabciyarku, ta saman katanga ta ga komai, ta ba mu labari muka yi ta dariya. Ni ma na je shagon kafintan nan in ji ƙarin bayani, ya ce mini wai sito ne kamar na kowa, ya sa kanta ya tafi. Ɗan rainin wayo."

Humaira ta dube shi. Kafin ta yi magana, aka ɗaga labulen zauren. Hajiya ce, ta kawo masa ruwa da kanta, ta kuma ji komai.

"Abdulaziz, ka gaida mutan gida," ta ce, ta juya da kofinta.

Ta koma tsakar gida. Can ta kira 'yarta.

"Na zalunci yaron nan Junaidu. Ki ce ya zo, ni ke kiransa."

Humaira ta rubuta masa:

"Kafintana, ka yafe mini. Na zarge ka kan abin da ba ka yi ba. Inna na son ganinka."

"Na yafe tun ranar, farin cikina. Ga ni nan tafe."

Ya zo ya durƙusa, kansa a ƙasa. Hajiya ta ce, "Ɗana, ka ga abin da ka gani, ka rufe bakinka. Ka turo magabatanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka kai amarya gidansu da ke kan hanyar Kalmalo, Hajiya ta aika da gara, bayan kwana bakwai kuma ta je da kanta. Junaidu ya gina wa matarsa ɗan sito mai taga da raga, Humaira ta jera komai a muhallinsa. Hajiya ta shiga ta buɗe robobin ɗaya bayan ɗaya, ta shinshina, ba ta sami abin cewa ba. Ta fito ta kama hannun 'yarta, ta dubi surukinta ido da ido.

"Allah ya rufa muku asiri duniya da lahira, ya cika muku gida da abinci da zuri'a mai albarka."

Suka haɗa baki suka ce amin.