Muciyar Alhaji Mamadu

Ranar wata Asabar da hantsi, cikin Mayun 2012, mutum uku suka shigo komisariyar 'yan sanda da ke kusa da unguwar Barbès, a Faransa. Biyu suna ta magana lokaci guda, ɗaya ta yi shiru. Sufeto Kadidiatou Hassoumi ta daɗe da sanin mai shirun ake fara saurara. A takarda laftana ce, amma 'yan Nijar na unguwar Sufeto suke ce mata, su kuwa in suka laƙaba maka suna, gwamnatin Faransa ma ba ta iya cire shi.

Mai shirun Hajiya Fatsima ce, mai shagon atamfa daura da gadar jirgin metro.

"Hajiya, mi ya faru?"

"Motar marigayi, ɗiyata. An ɗauke ta daga garaj, can Porte de la Chapelle."

Duk Barbès an san motar nan. Wata 'yar mitsitsiya ce ja mai kujeru biyu, ana naɗe rufinta a sha iska. Marigayi Alhaji Mamadu, mijin Hajiya, shi ya sa aka kawo masa ita daga Japan, ƙato guda, in ya shiga gwiwoyinsa har haɓa. An yi masa dariya shekara takwas bai fasa ba. Yana kan gadon asibiti ya sa matarsa ta yi alkawarin ba da ita sadaka. Gobe Lahadi da la'asar wata ƙungiyar 'yan Nijar ta Lyon za ta yi gwanjonta a taron masu son tsoffin motoci, a haƙa rijiya a gida da abin da aka samu. In motar ba ta je ba, alkawari ya tashi.

"Makulli fa?"

"Guda ne. Na biyun ya ɓace tun kwanan zaman makoki. Shekaranjiya na ba wannan bawan Allah."

Bawan Allahn shi ne Rachidou, shugaban ƙungiyar, mai aikin bincike a wata masana'antar Saint-Fons, kusa da Lyon. Na ukunsu Nasiru ne, ƙanen marigayi, dillalin tsoffin motoci, bakinsa bai huta ba tun shigowarsu.

"Ga ɓarawo a gabanki kina ta tambaya! Ni ko taɓa sitiyarin motar nan ban yi ba, jiya wuni na yi masallaci da kasuwa. Shi ke da makulli, shi za a tambaya."

Mai gadin garaj ya ce motar ta fita jiya, ana cikin sallar Juma'a. Fuskar direba bai gan ta ba, yana cin abinci.

Sufeto ta keɓe Rachidou a ofis.

"Ina kake jiya da azahar?"

"Masallaci."

"Wanne? Wa ya yi huɗuba?"

Mutumin da ke tsayawa gaban farfesoshi ya kasa kallon mace guda mai biro a hannu.

"Bon, ƙarya na yi. Ba ni da parmin tuƙi na Faransa. Na gida ya daina aiki tun da na bar karatu. Kunya ta hana ni gaya wa Hajiya, ga ta ta miƙo min makulli tana hawaye. Jiya yawon neman kamiyo nake, babbar motar da za ta ɗauke ta."

Ya zaro takardar wani mai kamiyo, da kwanan wata da sa'a. Sufeto ta buga waya, aka tabbatar. Ta ji tausayinsa, ta kuma ji haushinsa, don saura kaɗan wannan kunyar tasa ta kai shi ɗakin tsaro.

Da la'asar hoto ya iso daga feyaj, wurin da ake biyan kuɗin hanya a babban titin Lyon. Ga jar mota, rufi a rufe, direba ya ja hula har hanci. Sai dai ta tagar hagu wani dogon abu ya leƙo yana miƙa kati.

Sufeto ta kai hoton shagon Hajiya. Tsohuwar ta ɗora tabarau, ta duba, sai dariya ta kuɓuce mata, daga nan kuma hawaye.

"Muciyata ce!"

"Muciya, Hajiya?"

"Ai motar Japan sitiyarinta a dama yake, na'urar feyaj kuwa a hagu. Alhaji in shi kaɗai ne sai ya fita ya zagayo, Turawa na ta yi masa oda. Ran nan ya sace min muciyar tuwo, ya ɗaura mata maƙalin shanya a baki, da ita yake karɓar tikiti. Wata uku ina cigiya."

"A cikin motar take zama?"

"A'a. Tun rasuwarsa na rataye ta bayan ƙofar sito."

Suka leƙa bayan ƙofar. Ƙusa ce kawai.

"Rachidou ya taɓa shiga nan?"

"Ko labarinta bai sani ba. Alhaji ɓoye ta yake, kada 'yan kasuwa su samu abin tsokana. Daga ni sai..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta zauna kan dilar atamfa, ta riƙe kai. Sufeto ba ta matsa mata ba, ta fita waje ta kira abokan aikinta na Lyon, ta ce su bincika mata wurin da Nasiru ke tara motocin da yake aikawa gida ta tashar jirgin ruwa ta Marseille.

Lahadi da safe su huɗu suka hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. An ce wa Nasiru gidan Rachidou za a bincike a Saint-Fons, don haka shi ya riga kowa zuwa tasha, har da sabuwar shadda. A hanya ya yi ta wa'azi kan cin amana.

Motar 'yan sanda ta ɗauke su, ta wuce gidajen ma'aikata, ta bi bayan manyan bututun masana'antu. Nan wa'azi ya fara raguwa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ko da aka tsaya ƙofar wani fili cike da tsoffin motoci, Nasiru ya ce shi a mota zai jira, sai da aka fito da shi.

Mai filin, wani dattijo Illiassou, ya fito da fara'arsa, bai san dawan garin ba.

"A'a, Malam Nasiru, har ka komo? Sannunku da hanya, ina gajiya? Ai ka mance muciyarka bisa kujera, na ce wannan wane irin tuwo za a tuƙa cikin mota!"

Aka yaye tamfol. Ga ta nan, ko ƙwarzane babu.

"Malam Nasiru," in ji Sufeto, "makulli na biyu."

Ya zaro shi daga aljihu, ya miƙa mata.

"Ni na ɗauka. Tare da Yaya muka je tashar jirgin ruwa muka karɓo ta. Ni ke wanke ta, ni ke gyara ta. Ya rasu, ba wanda ya tambaye ni, sai ji na yi za a ba Turawa don a haƙa wa wasu can rijiya. Na ce gara in kai ta Maraɗi, ko ganinta na riƙa yi."

"Ka kuma ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba," in ji Sufeto.

Hajiya Fatsima ta matso. Muryarta ba ta tashi ba.

"Wasu can? Nasiru, ka san inda za a haƙa ta?"

Ya girgiza kai.

"Alhaji ya ce kada in faɗa, sadaka ba a yi mata shela. A ƙofar gidan Inna ne, a ƙauyenku. Uwarku da ta kusa tamanin, har yau sai an yi tafiyar awa guda kafin ta samu na alwala."

Nasiru ya durƙusa jikin motar yana kuka irin na wanda ya daɗe bai yi ba. Ko Rachidou da aka ɓata wa suna sai da ya kau da kai.

'Yan sandan Lyon suka ɗaga shi. Sufeto ta yi musu alama su bar ankwa, ba inda za shi. Ta dubi agogo, saura awa uku a buɗe gwanjo, Illiassou kuwa tuni ya tada kamiyonsa don kai motar wurin, ya rantse ba ya karɓar ko sisi.

A bakin motar 'yan sanda Nasiru ya waiwayo.

"Hajiya, don Allah kada Inna ta ji."

"Ba za ta ji daga bakina ba. Ka gama da hukuma, ka nemi gafarar yaron mutane. Ran da ruwa ya fito, kai za ka je ka ɗebo mata gugan farko."