An Kashe Wurin

"Ba ki ji ba?" Tanti Suwaiba ta sake mintsinina a gefen bandejin. "Yanzu fa?"

"Ban ji ba, Tanti..."

Kwana biyu ke nan da yi mini aikin zuciya. Likita ya saka mini wani siririn tiyo kusa da haƙarƙari, yana ɗiga maganin da ke kwantar da jijiyoyin wurin, don in iya numfashi da tari ba tare da azaba ba. Da Faransanci ya yi bayani, ya ce barci kawai wurin yake yi. Ayouba, wanda saura wata biyu a ɗaura mana aure, shi ya fassara wa gwaggonsa, Tanti Suwaiba: "An kashe wurin."

Ita kuwa ta riƙe kalmar gam.

"Innalillahi! Ƙirjin da aka kashe ne zai shayar da ɗa? Ayouba, ka gani da idonka!"

Ta yaye mini mayafi a gaban mutanen ɗakin, tana latsa ni kamar mai zaɓen tumatir a kasuwar Adidogomé. Wallahi ƙyamar da na ji ba tata ba ce, tasa ce. Gogan ya sha Faransanci tun yana yaro, ya san sarai abin da likita ya faɗa, amma ya tsaya kallon takalminsa.

"Ayouba, faɗa mata mana! Gobe za a cire tiyon!"

"Chérie, pardon... ba a musu da manya."

Washegari aka zare shi. Jikina ya dawo a hankali, har na taka zuwa baranda. Sai ga Ayouba da ledar lemo, yana washe baki.

"Muhsinat, rabin raina, albishirinki! Tanti ta sauko. Gobe za ta zo da ƙawayenta biyu daga Zongo su sake gwadawa. In kin ji mintsinin, maganar aure na nan."

"In ban ji ba fa?"

Ya sake kallon takalminsa.

Shekara huɗu ina son bawan Allahn nan. Sunansa na fara kira da na farfaɗo. Amma da na dube shi, sai na ce:

"Ka ce musu kada su wahalar da kansu. Baba zai maido muku da kayan sa ranarku."

"Haba Muhsinat! A kan mintsini ɗaya?"

"Fita, Ayouba."

Ya ajiye lemon ya fita. Na rungume filo a ƙirji yadda nas ta koya mini, na yi kukana. Kowace shessheƙa sai da na ji ta har ƙashi.